Shekarar da Rafinmu Ya Ɗauki Warin Kamfani

Kun taso kuna jin ana cewa mahaifinku ya rasa aikin kamfani saboda ya tsaya kan gaskiya. Mahaifiyarku ta gaya muku haka don haka ta tarar ana faɗa, mutanen gari kuma suka riƙa maimaitawa. Duk lokacin da aka ɗauko zancen nakan sunkuyar da kai, ku kuwa ku ɗauka kunya ce irin ta wanda ake yabo a gaban idonsa. Ba ita ba ce. Abin da kuka sani rabin labari ne, kuma rabin da ya fi daɗin ji. Yanzu da ƙafa ta fara ƙin kai ni masallaci sai da sanda, na ga gara ku ji sauran daga bakina.

A shekarun nan na tsanani abin ya faru, lokacin da damina ta riƙa ɗaukewa tun gero bai cika ido ba, kaya suka yi tsada, mutane suna bin layi a kan sabulu da sukari. Mu biyar ne a gidan: kakanku Baba, da Inna, da yayana Habu da matarsa Rabi, sai ni, ban yi aure ba tukuna. Gonar tudu ta kasa mu shekara biyu a jere. Abu biyu ne suka riƙe gidan. Na farko lambun Yaya Habu da ke bakin rafi, inda yake latas da albasa da tumatir, yana ban ruwa da jigo. Na biyu aikina. Duk ƙarshen wata nakan ɗauro hatsi a bayan keke, kuma in na shigo da shi sai in ga kafaɗun Inna sun sauka.

Kamfanin yana can wajen Bacirawa, lokacin wurin duk gonaki ne. Tsofaffin takardu ake sayowa, jaridu da littattafan da aka gama da su da tarkacen ofisoshi, a jiƙa su a markaɗa a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe har su zama abin da muke kira kunu. Kunun yakan fito toka-toka saboda tawada. Sai a zuba masa soda da sinadarin kulorin, a bar shi ya yi fari fat, wannan shi muke ce wa bilicin. Daga nan a wanke shi, a shimfiɗa a inji ya bushe. Aikina shi ne in ɗebo kunun a kwalba in kai wa Malam Ɗanjuma, masanin sinadaran kamfanin, ya duba ko farin ya kai. Idan ya ce ya kai, sai in je in murɗa wani babban famfo, ruwan wankin ya tafi. A gida na ce musu takarda muke yi, Baba kuwa ya ɗauka ta rubutu ce. Yakan gaya wa abokansa a ƙofar masallaci cewa Sabi'u yana cikin masu yi wa ɗalibai takarda. Ban taɓa gyara masa ba. Takardar bayan gida muke yi, wadda mutanen birni suke saya a kanti.

Da farko ruwan wankin yana zuba ne a wani tafki da aka haƙa a cikin katangar kamfanin. A shekarar da nake ba ku labari tafkin ya cika ya fara tumbatsa. Manaja ya ce ba halin haƙa wani, ya kawo leburori suka fasa ƙasan katanga suka yi kwata. Ina tsaye aka yi. Ban tambayi inda kwatar ta nufa ba. Ni ta titi nake zuwa aiki, tafiyar kusan awa guda a keke, da kwana-kwana, don haka a raina kamfani duniya ce daban, ƙauyenmu duniya ce daban.

Wata Lahadi cikin bazara na je taya Yaya Habu ban ruwa. Da la'asar ta yi na tsuguna bakin rafi zan yi alwala. Na ɗebo ruwa na kurkure baki, sai na ji harshena ya ɗaure, wani wari ya hau mini hanci. Na san warin nan. Shi ne a rigata kullum, shi Inna take cewa in rataye rigar a waje saboda shi. Na tofar, na duba gefen ruwan, na ga kumfa ta taru a jikin ciyawa, da wasu fararen zare-zare sun maƙale. Na tsinci ɗaya na murza tsakanin yatsuna. Kunu ne. Kunun da na ɗiba a kwalba jiya da hannuna.

Yaya Habu ya gan ni ina kallon yatsuna, ya ce, “Ka ga abin da nake gaya maka ko? Sati uku ke nan ruwan ya canja. Latas sai ƙonewa yake ta gefe-gefe. Amma kifi kam Allah ya kawo sauƙi, da kansu suke tasowa kamar sun bugu, da hannu ma kamawa ake.”

Na ce, “Kifin da muke ci a gida, daga nan ne?”

Ya ce, “Daga ina kake so ya fito?”

Na yi sallar ban san me na karanta ba, sannan na ce masa zan zaga, na bi rafin ta sama a ƙafa. Na wuce lambuna, na wuce inda mata suke wanki, na kai inda wani kwazazzabo yake shigowa. A bazara kwazazzabon nan busasshe ne, tun muna yara muka san shi haka. Ranar nan ruwa ke gudu a cikinsa, ciyawar gefensa duk ta mutu ta yi fari. Na shiga na bi shi. Ina tafe ina roƙon Allah ya sa ya karkata wani wuri. Bai karkata ba. Ban yi tafiyar da ta kai rabin wadda nake yi a keke ba sai ga katangar kamfani a gabana, ga kwatar tana zubarwa. Na zauna a ƙasa. Ashe duk lokacin da na murɗa famfon nan, a tukunyar Inna nake zubawa.

Washegari na shiga ɗakin gwaji na rufe ƙofa, na gaya wa Malam Ɗanjuma. Dattijo ne mai sanyin magana, ya yi karatu a ƙasar waje, kuma yana riƙe ni kamar ƙaninsa. Na zaci zai firgita. Sai kawai ya cire tabarau ya ajiye, ya ce, “Ƙauyenku ne a ƙasa? Wallahi ban san naku ba ne.”

Na ce, “Amma Malam ka san na wasu ne?”

Can ya ce in zauna, ya yi mini bayanin da har yau yana kunnena. Ya ce warin da na ji shi ne mafi sauƙi a cikin abin, don rana da iska suna kashe shi. Abin tsoro shi ne idan kulorin ya haɗu da abin da ke cikin kunun, yakan haifi wasu sinadarai da ba su da wari, ba sa kuma mutuwa da wuri. Su kwanta a cikin laka, su shiga jikin kifi, daga kifi su shiga jikin wanda ya ci, su zauna. Sannan ya buɗe durowa ya ɗauko wata 'yar kwalba, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis. Ya ce sunansa farokzayid. Ya zuba kunu toka-toka a kofin gilashi, ya ɗiga soda kaɗan, ya tsiyaya ruwan kwalbar, ya ɗora a wuta. Muna zaune muna kallo kunun ya fara washewa. Bai kai farin namu ba, amma ya yi haske sosai.

Ya ce, “Wannan in ya gama aikinsa, ruwa yake komawa da iskar da muke shaƙa. Har yanzu sai an tace ruwan wankin saboda soda da tawada, amma wancan mugun abin ba ya haifuwa. Akwai masu yi da iskar oksijin ma. Bilicin ba dole sai da kulorin ba.”

Na ce, “To me ya hana mu?”

Ya ce sau biyu yana rubuta wa Manaja. Amsar ita ce mai ƙarfin da kamfani zai yi aiki da shi sai an shigo da shi daga waje, ga shi ba lasisin shigo da kaya, ba kuɗin ƙasar waje, sito kuma cike yake da durom-durom na kulorin da aka saya tun ana da hali. Ya ce har ya kawo shawarar a daina bilicin ɗin gaba ɗaya, a sayar da takardar da launinta, aikinta ɗaya ne. Dillalai suka ce ba wanda zai sayi mai launin toka, mutane za su ce datti ce.

Ya mayar da tabaransa ya ce, “Sabi'u, 'ya'yana bakwai. Na yi iya abin da zan iya a rubuce. Kai dai ka je ka gaya wa mutanenku su bar cin kifin nan, su bar shiga ruwan.”

Na fito da niyyar in faɗa a ranar. A kan keke na fara lissafin abin da zai biyo baya. In na faɗa za a tambaye ni yadda na sani. Gari zai tashi, a je kamfani, Manaja ya gane ni ne. Ana korar mutane a ko'ina lokacin, masu digiri ma suna zaune. Rumbu babu komai, damina saura wata uku, ga Rabi da ciki bayan shekara shida tana jira. Na ce wa kaina bari dai ruwan sama ya sauka, zai wanke rafin. Na ce bari in samu wani aikin tukuna. Na isa gida ban faɗa ba. Washegari ma ban faɗa ba.

Wata uku na yi a haka, kuma waɗannan watannin su ne ba ku sani ba. Kullum da safe in je in murɗa famfon da hannuna, da yamma in dawo in zauna cin abinci da su. Idan Rabi ta yi miyar kifi sai in ce cikina ba ya so, a zuba mini kuka. Na ɗan yi ƙoƙari irin na matsoraci: na ce wa Rabi ta riƙa wanki a rijiya, ta yi dariya ta ce ruwan rijiyar da ake rabo da guga na sha ma da ƙyar yake isa. Ƙafafun Yaya Habu suka fara tsagewa suna ruwa, yana shafa man kaɗanya yana komawa ciki. Da albasarsa ta fara ruɓewa a ƙasa, sai ya zargi maƙwabcinsa na sama, Malam Iro, cewa yana wanke gwangwanin maganin feshi a rafi. Magana ta kai gaban mai unguwa. Malam Iro, mutumin da ya girmi Yaya Habu nesa ba kusa ba, ya tsaya gaban jama'a yana rantsuwa. Ina zaune a wurin. Na sa ido a ƙasa har aka tashi.

Cikin Rabi yana wata bakwai, wata safiya ina shirin fita aiki, na ji Inna ta kira maƙwabciyarmu da wata irin murya. Na jingine keken. Hantsi bai gama ɗagawa ba Inna ta fito daga ɗakin riƙe da abu a naɗe cikin zane, ta miƙa wa Baba, ta ce, “Bai zo da rai ba.” Ina so ku fahimce ni a nan. Ban san ko ruwan ne ba. A shekarun nan mata da yawa sun yi ɓari saboda yunwa da wahala, a garuruwan da ba su da rafi ma. Daga baya na tambayi Malam Ɗanjuma, ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan eh ko a'a. Amma ni na san wata uku tana tsaye cikin ruwan tana wanki, tana cin kifin, ina kallo.

Da muka dawo daga maƙabarta, masu gaisuwa suka watse, muka rage mu uku a zaure, ni da Baba da Yaya Habu. Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe. Na faɗi komai: kwatar, da kwazazzabon, da famfon, da abin da Malam Ɗanjuma ya ce game da kifi. Ina magana Baba yana kallona kamar baƙo ne ya shigo yana wani yare.

Ya ce, “Yaushe ka sani?”

Na ce, “Wata uku ke nan, Baba.”

Ya maimaita a hankali, “Wata uku.”

Yaya Habu bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni ko ya kai mini hannu da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni kawai ya ce, “Shi ya sa ka daina cin kifin.”

Ya tashi, ya sa takalminsa a ƙafafun nan masu ciwo, ya fita. Can Baba ya ce shi abin da bai gane ba shi ne me ya sa dole sai takardar ta yi fari har haka, ai alƙalami yana kama mai duhu-duhu ma. A nan na gaya masa ko wace irin takarda ce, da abin da ake yi da ita. Sai da na faɗa sau biyu kafin ya gane. Na ga bakinsa ya buɗe ya rufe.

Ya ce, “Wato ruwan da muke tsarki da shi, muke alwala, shi aka ɓata don a faranta abin da wasu za su shiga bayan gida da shi su yar?”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

Ya yi salati a hankali. Sannan ya ce, “Gobe za ka shige gaba, ka nuna wa mutane hanyar da ka bi. Kai za ka yi magana a gaban mai kamfanin, ba wani ba. Maganar wata uku kuma ta tsaya a zauren nan. Ba don kai ba. Don kada uwarka ta ji.”

Haka aka yi. Da safe na shige gaba, mai unguwa da dattawa da masu lambu suna biye, Malam Iro a cikinsu. Da muka shiga kwazazzabon surutu ya ɗauke. Mutane suna tafe suna kallon matacciyar ciyawa, wasu sun toshe hanci da bakin riga. Da muka kai kwatar, wani tsoho ya tsaya yana kallonta ya ce shi ya zaci fushin Allah ne, ashe bututu ne. Muka zagaya ta ƙofa. Manaja ya fito, ya fara cewa ruwan wanki ne kawai, ba ya cutar da kowa. Na ce masa a gaban kowa ni nake murɗa famfon, na san abin da ke ciki, kuma na san akwai hanyar yin bilicin ba da kulorin ba, an rubuta masa ya ƙi. Ya dube ni ya ce in ajiye katin aikina a wurin maigadi. Malam Ɗanjuma yana tsaye a taga, bai fito ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, don na san irin tsayuwar.

Mai unguwa ya kai magana gaban hakimi, cikin sati biyu aka toshe kwatar da siminti, aka haƙa sabon tafkin da aka ce ba hali. Kamfanin bai taɓa canja sinadari ba. Bayan 'yan shekaru ya rufe don rashin kayan gyaran inji, kamar sauran. Yau ina jin cewa kamfanonin takarda da yawa a duniya sun bar wancan tsohon bilicin, wasu ma ba sa taɓa kulorin ko kaɗan. Nakan tuna kofin gilashin nan. Abin ya kasance a cikin durowa tun lokacin.

Daminar nan mun sha wuya. Inna ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya, mun ci tafasa da rama fiye da tuwo. An yi shekaru kafin mutane su yarda su sake cin kifin rafin, albasa ma ba ta koma yadda take ba a wannan gefen. Yaya Habu ya je ya ba Malam Iro haƙuri, ya bar lambun, ya shiga tafiya cin rani kudu. A gari kuwa sai na zama abin misali, yaron da ya zaɓi mutanensa a kan albashi. A kan wannan sunan aka ba ni mahaifiyarku. Yaya Habu yana jin ana yabona bai taɓa cewa uffan ba. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, shekara da shekaru. Sai a ciwonsa na ƙarshe, ina zaune gefensa, ya ce nasa ya yafe tuntuni, amma akwai wadda ban taɓa tambaya ba. Ya ce ya gaya mata tun a makon da abin ya faru.

Wato duk shekarun nan Rabi ta sani. Ita ta yi wa mahaifiyarku wankan jego, ita ta goya yawancinku, ita kuke kira Inna Rabi. Allah bai sake ba ta haihuwa ba. Ko sau ɗaya ba ta canja mini fuska ba, kuma da na ji haka sai na kasa haɗa ido da ita har aka yi arba'in ɗin rasuwar Yaya Habu.

Kafin in fara rubuta wannan labarin na je ɗakinta. Na same ta tana tsince wake a faifai. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na ce ina so in rubuta wa yara abin da ya faru a shekarar, in ta ce kada in rubuta na fasa, kuma na zo neman gafararta, ko da na makara. Ba ta daina tsintar waken ba.

Ta ce, “Kwana ya ƙare masa ne, Sabi'u. Ni ban taɓa cewa kai ka kashe shi ba. Shirun ne ya yi mini ciwo, shi ma ya daɗe da yin sanyi. Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

Na ce amin. Na yunƙura zan tashi, sai ta ajiye faifan a cinya.

Ta ce, “In za ka rubuta, kada ka ce ciki ne ya zube. Inna ta nuna mini shi kafin ta fita da shi. Ka rubuta cewa namiji ne, yana da gashi baƙi sosai, kuma da Habu ya yi kama.”

Ga shi na rubuta.